Matakalar Tsohuwar Kotu

Shekara arba'in da ɗaya Kar-ka-motsa ya yi yana ɗaukar hoto a tsohon dandalin gari. Laƙabin ya samo asali ne daga abin da yake faɗa wa kowa kafin ya cusa kansa cikin baƙin ƙyallen kyamararsa mai ƙafa uku. Har matarsa, in tsokana ta motsa mata, haka take kiransa.

Dandalin taku casa'in ne kowane gefe, an shimfiɗe shi da duwatsu. Gefe uku shaguna ne a ƙarƙashin doguwar rumfa. A na huɗun tsohuwar kotu take, bene mai ginshiƙai takwas, ƙofa a tsakiya, tagogi uku a dama, uku a hagu. Wanda ya gina ta ya daidaita ta ƙwarai, har in ka raba ta biyu ba za ka bambance wannan rabin da wancan ba. Abu ɗaya ne kawai ya raba su a da: matakalar dutse da ke hawa sama ta waje, a jikin bango ɗaya. Shekara talatin da uku da suka wuce wata babbar mota ta kwashe ta, aka share baraguzan, aka shafe bangayen duka da siminti.

Da aka tashi mayar da ginin yadda yake, ba a samu zanensa ba. Injiniyar aikin, wata matashiya mai yawan tambaya, ta ji cewa a gidan Kar-ka-motsa tarihin dandalin yake. Ranar Litinin ya kai mata hotuna sittin da uku. Mafi kyawunsu shi ne wanda ya daɗe a rataye a ɗakinsa: wani mai aski, wanda ya rasu tuni, yana aikinsa a gaban kotun, ga matakalar nan a dama ɓaro-ɓaro.

"Baba, kun tabbata a dama take?"

"'Yata, da idona na gani, da hannuna na ɗauka."

Magatakardan aikin ya rubuta shaidar, tsohon ya sa hannu. Laraba aka fara haƙa harsashi a dama.

Alhamis da safe matarsa tana kakkaɓe wata tsohuwar akwati, sai ta ci karo da hotonta tana rungume da 'yarsu ta fari a gaban kotun. Ta miƙo masa tana dariya.

"Malam, dubi lokacin da nake mutum."

Shi bai ko kalle ta ba. Bayanta a cikin hoton ya zuba wa ido. Matakalar tana hagu.

Ya goge tabarau ya sake dubawa, tana nan a hagu. Nan take ya gane abin da ya faru, domin aikinsa ne: wajen wanke hoto, in ka kifa fim ɗin kyamara ta baya, dama sai ta koma hagu. Mutum ba ya lura, ya karɓi fuskarsa ya tafi yana murna. Ɗaya daga cikin hotunan biyu a juye yake. Amma wanne? Fina-finan kuwa ruwa ya cinye su tun shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo.

Ya rufe ido don ya hango ginin a zuci. Abin da ya zo masa sai ya ƙara ɗaure masa kai: kotun ce tsaye a kan rufinta, ginshiƙai suna kallon sama. Haka gilashin kyamara yake nuna komai, sama a ƙasa, dama a hagu, kuma ta cikinsa ya fi kallon ginin duk tsawon shekarun nan. Ya yi ƙoƙarin miƙar da ita a ransa, matakalar ta bi ta nan, ta dawo ta can.

"Ke, matakalar kotu a wane gefe take?"

"Gefen da nake zama in jira ka mana."

"Wane gefen ke nan?"

"Inda kake barin ni ina gasuwa, kai kana can kana ce wa mutane kar su motsa."

"Dama ko hagu nake tambaya!"

"Yau ga ikon Allah. Kai da ka sa hannu a takardar hukuma, ni za ka tambaya?"

Ya tuna cewa a hoton farko askar tana hannun hagun mai askin. In mutumin ba bahago ba ne, to hoton a juye yake. Ya saka takalmi ya nufi shagon ɗan marigayin, wanda yake ɗinki a ƙarƙashin rumfar dandalin.

"Da wane hannu tsohonka yake aski?"

Telan ya tsayar da keke. "Ai bahago ne, Baba."

Kar-ka-motsa ya sauke ajiyar zuciya.

"Sai dai kakanmu ya hana shi tun yana ƙarami, ya koma dama. Da dama yake yi. In layi ya yi tsawo ne yake mantawa ya koma hagu."

"To ranar da na ɗauke shi, layi ya yi tsawo?"

"Haba Baba, ko yaye ni ba a yi ba lokacin."

Ya fito ya tsaya a tsakiyar dandalin. Leburori huɗu suna cikin ramin da bakinsa ya sa aka haƙa, ga duwatsun matakala an jibge a gefe. In ya yi shiru, wataƙila daidai ne, ba wanda zai taɓa sani. In kuma ba daidai ba ne, za a dasa kuskurensa da dutse a tsakiyar gari, jikoki su riƙa hawa. Ya taka zuwa wajen ramin sau biyu yana komowa.

Juma'a da hantsi ya je da hoton matarsa, ya ajiye shi kusa da na mai askin a kan teburin injiniya, ya yi bayani tiryan-tiryan, bai ɓoye komai ba. Babban magini ya cire hula ya shafa kai.

"Baba, kwana biyu fa muna haƙa! Yanzu cikewa za mu yi ko ci gaba?"

"Wallahi ban sani ba, ɗana."

"To wa ya sani?"

Injiniya ta duba hotunan. Sannan ta sa a kawo guduma da kurfi a ɓamɓare simintin bangayen biyu, abin da ta ƙi yi tun farko don gudun taɓa tsohon dutse. Bangon dama ya fito sumul. A na hagu sai ga ramuka goma sha huɗu a jere, kowanne ya ɗara na ƙasansa tsawo, inda bakin matakan yake shiga. Magatakarda ya ja layi a kan shaidar Litinin, ya rubuta sabuwa da kwanan wata. Leburori suka fara mayar da ƙasa suna gunaguni.

Kar-ka-motsa ya miƙe zai tafi, injiniya ta tare shi.

"Baba, da sauran aiki. Da hotunanku muka sa wurin rijiya, da fitilu, da ƙofar baya." Ta ciro ƙaramin madubi daga jakarta ta ba shi. "Ku duba mana kowanne, a fili da kuma ta nan, ku ware mana."

Ya fara da na mai askin. A cikin madubin matakalar ta koma hagu, inda ramukan suka ce take, amma sai dandalin ya zame masa kamar na wani gari. Wanda ya saba gani a bangon ɗakinsa shi ne na ƙaryar, kuma shi ne zuciyarsa ta yarda da shi.

Ya zauna a gindin ginshiƙi na uku har la'asar, yana ɗaga hoto, yana kallon madubi, yana kallon gini. Da ya gama, magatakarda ya ƙirga kashi ukun ya shigar a littafi: daidai, goma sha ɗaya; a juye, tara; waɗanda mai hoton ya ce bai sani ba, arba'in da uku.