Ɗakin Sama Mai Tagogi

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Sharafiyya, ni da Baba, Jidda na ta gumi duk da wai hunturu ne. Ƙanena da ke karatu a Bairut ne ya matsa mu zo mu ga yadda ake zamiya da katako a kan dusar ƙanƙara. Daga filin jirgin Bairut muka ɗauki hanyar dutse mai murɗe-murɗe, muna cin burodi mai zafi da tuffa, wadda arharta ta sa Baba salati.

A ƙauyen da muka sauka aka fara rigimar masauki. Baba ya tsufa yana tarar alhazai a tashar jiragen ruwa yana sama musu ɗaki, kuma dokarsa ɗaya ce: ɗakin kirki shi ne na sama, mai tagogi ta inda iska ke shigowa. Ina yaro nakan bi shi bene-bene, ya tsaya a taga ya jiƙa yatsa ya ɗaga don ya ji iska. Har yau ina kewar wannan tsayuwar tasa.

Mai gidan, wata tsohuwa mai jan kumatu, ta nuna mana ɗan ɗaki a ƙasa, jikin murhu, ba taga sai ƙaurin hayaƙi.

"Nan ne naka, ya hajj," in ji ta.

Baba ya dube mu. "Ni za a sa a kurkuku? Yalla, mu hau sama."

Mun san ƙirjinsa ba lafiya, tari yake tun bara. Amma wa zai ce masa bai iya zaɓen ɗaki ba? Ƙanena ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Muka hau.

Da gari ya waye ruwan buta ya daskare. Baba na kwance, leɓɓansa sun yi shuɗi, numfashi na fita da ƙyar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Muka ɗauko shi zuwa kurkukun nan, tsohuwa ta yi ta ɗura masa shayi tana mana faɗa. Kwanakin da suka rage, ƙanena na can yana zamiya, ni ina faɗuwa, Baba kuwa na jikin murhu yana ɓare gyaɗa, ya ƙi ko leƙa ƙofa.

Allah ya sa muka dawo da shi da ƙafarsa. Da muka sauka Jidda zafi ya rungume mu, na ji kamar in sumbaci ƙasa. Na ɗauka abin da na koyo shi ne kowace ƙasa da irin ɗakinta. Baba kuwa ya riga ya yi mini nisa. A mota ya ce mini:

"Ya waladi, ɗana, akwai tsofaffin da na kai sama suna tari. Ban taɓa tambayar ko ɗaya ba ko yana jin sanyi."