Mai Auna Nisan Ido

A tashar jirgin ƙasa ta Winnipeg, masu ɗaukar fim sun tare mana hanya. Kowa na kallon jarumin, ni kuwa wata dattijuwa nake kallo, gajeriya mai furfura, tef ɗin awo a ƙugunta.

Tana jan tef ɗin daga jikin kyamara har zuwa idon jarumin. Tana sa alli inda zai tsaya, tana yin alama a zoben da ke juya gilashin kyamarar don hoto ya fito tar.

"Lorna, inci nawa gare mu?" in ji mai kyamarar.

"Uku. In ya sunkuya ya wuce haka, kunnensa zai fito tar, idon ya dushe."

"Rana na tafiya. Sau ɗaya za mu yi."

"To, gaya wa jarumin naka ya tsaya kan allina."

Ta zaro katin lissafinta, ta nisanta shi, ta matso da shi, ta sauya tabarau. Leɓenta na motsi, amma ba karantawa take yi ba, hadda ce. Ta waiga ko wani ya lura.

An fara ɗauka. Jarumin na tahowa, yatsunta na bin sa a kan zoben, numfashinta a riƙe. An gama, shi ake wa tafi.

Ita tana gefe tana murza ido. Ina jin ta yi shekara talatin tana fito da fuskokin mutane tar. Yanzu nata idon ya fara dishi-dishi, kuma ba ta gaya wa kowa ba.