Yashin Rafinmu da Gambar Yaya Isiyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Isiyaku makwancinsa. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, don bai taɓa riƙe wani muƙami ba. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'arsa noma da saƙar zana. Ni ƙanensa ne, Garba, na yi rayuwata ina buga bulo a wajen Ƙofar Kaura har ƙarfi ya ƙare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, kwarin da ruwa ya haƙa a gonarmu ya kusa isa kabarinsa.

Gonar ta gado ce, tana kudu da birnin Katsina ta hanyar Batagarawa, a bakin wani rafi da ke ƙafewa da rani ya bar yashi fari tas. Maƙabartar ƙauyen kakanninmu tana manne da ita ta gabas. Tun muna yara muka tarar da jerin gamba a bakin rafin, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, daga farkon gonar har bayan maƙabarta. Dokarta a gidanmu ɗaya ce: ana yanka ta bayan kaka, amma ba a taɓa tushe. Idan tushe ya yi kauri, sai a jira farkon damina a tsaga shi, a dasa rabin a gaba. Mahaifinmu bai taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mun ɗauka don zana ne kawai.

Yaya ne ya dawo da dalilin daga nesa. Yana saurayi ya tafi ci-rani Kudu, har bakin teku, ya yi aikin lodin yashi. Ya ce masu kwalekwale kan yi nitso da bokiti su ɗebo yashi, su kuma su loda a mota a kai wa masu gini. Kusa da wurin akwai ƙauyen masunta. Ya ga bishiyoyin kwakwa tsaye cikin ruwa har wuya, a inda aka ce a da gonaki ne. Wata rana wani tsohon masunci ya kama hannunsa, ya nuna masa can cikin teku inda ruwa ke tashi yana faɗuwa, ya ce mahaifinsa a nan yake kwance. Yaya ya sha ba mu wannan labari a kan tabarmar ƙofar gida, kullum kuma sai mu yi dariya mu ce, "Yaya, to ina teku a Katsina?"

Sai zamani ya juya. Kwano da bulo suka shigo, mutane suka daina kewaye gida da zana. Yaya ya riƙa kai kayansa kasuwa yana dawowa da su a kan keke. A daidai lokacin birni ya fara buɗewa, yashi ya zama abin nema. Masu tifa suka zo neman hanyar da za su gangara cikin rafin, kuma da aka raba mana gona, bakin rafin ni ya faɗo wa. Ba a ɓoye na yi ba. Da rana tsaka na sa lebura suka tumɓuke gambar, maƙwabta ma kowa ya buɗe tasa hanyar.

Ina tsaye ana aikin Yaya ya iso, ya jingina kekensa.

"Garba, mi tushen nan ya yi maka?"

"Yaya, ciyawa ce hwa. Wa ke sayen zana yanzu? Kai kanka jiya da kayanka ka dawo."

"Na dawo da su," in ji shi. "Amma kai abin da ake saye kaɗai kake gani. Ita wannan, babban aikinta a ƙarƙashin ƙasa take yinsa, kuma ba ta taɓa cewa a biya ta ba."

Na ce masa idan ta fara biyan kuɗin makarantar yara ya faɗa mini. Leburori suka kwashe da dariya. Ya dube ni, ya ɗauki tushe ɗaya ya juya shi a hannu, ya ajiye, ya hau kekensa. Bai yi fushi da ni ba, bai daina zuwa gidana ranar Juma'a ba. Abu ɗaya ne ya daina: bai sake ba da labarin teku ba har ya koma ga Allah.

Na kan tambayi kaina abin da zai ce da zai ga garin nan a yau. Da zai bi ta Kambarawa ya ga benaye a inda muka san dawa da gero, na tabbata zai ce tubarkalla, don shi ba mai baƙin ciki da ci gaba ba ne. Gaskiya kuma ita ce yashin nan ya yi aiki. Da shi aka gina makarantu da asibitoci da masallatai, da shi na rufa wa iyalina asiri, a cikinsa na je Makka. Direbobi da masu shebur da magina, gidaje da yawa a kansa suke ɗora tukunya. Ba zai ce a daina gini ba. Abin da zai tambaya shi ne, wa zai biya kuɗin gaɓar rafi?

Yanzu na kan zauna da rediyo ina jin masana suna bayanin tattalin arzikin jiha. Suna maganar albarkatun ƙasa da kuɗin shiga, suna cewa duk abin da ka zaɓa akwai wani abin da ka bari a madadinsa, kuma akwai arzikin da yake sake tsirowa, akwai wanda idan ya tafi ya tafi. Maganarsu daidai ce, na kuma gan ta da idona. Yashin rafinmu ya ƙare. Da aka kai ga jan laka, tifofi suka koma wani rafin. Ribar ta shiga birni ta zama katanga, asarar ta zauna a ƙauye ta zama rami. Wanda ya sayi yashi ya biya kuɗin mota da na lodi, amma babu wanda ya sa masa kuɗin gonar da za ta rufta daga baya. Wannan kuɗin manomin da ke ƙasa da mu ne ya biya shi, alhali ko cokali ɗaya bai sayar ba. Idan kuma gwamnati ta zo gina magudanar ruwa, da kuɗin da za a sayi magani ko a gyara aji za ta gina. Ashe abin da babu farashi a kansa ba yana nufin ba shi da daraja ba ne. Yaya ya faɗa mini haka a cikin magana biyu, ina tsaye ina ba shi amsar da za ta ba leburori dariya.

Waɗanda suka yi dariyar nan da ni yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Maiɗakina ma ta rasu, yara suna Abuja da Kaduna, sai dai waya. Tabarmar ƙofar gida har yanzu ina shimfiɗa ta bayan la'asar, amma sau da yawa ni kaɗai nake naɗe ta. Akwai maganar da ba ta da daɗi sai da wanda ya san farkonta, kuma kusan duk waɗanda suka san farkon tawa suna ƙarƙashin ƙasa.

Daminar bara kwarin ya ci gefen maƙabarta. Mutanen ƙauye suka fito da sabon likkafani suka kwashe abin da ruwa ya tono, suka sake binnewa a can ciki. Da na ji, na hau kabu-kabu na tafi. Na tsaya a bakin ramin, zurfinsa ya fi tsayin ɗaki, na tuna tsohon masuncin nan da ke nuna teku. Ba mu da teku a Katsina, amma ga ni ina shirin nuna rami in ce wana a nan yake.

Sai na lura da wani abu. Ko'ina gaɓar ta zaftare, ban da wani ɗan wuri da ya tsaya ya yi tsini cikin kwarin, a kansa kuwa gamba ce ta yi duhu, ta kewaye kabarin Yaya. Na daɗe kafin in gane. Ranar da muka binne shi, bayan an jera itace, zanarsa ta ƙarshe da ba ta samu mai saye ba muka shimfiɗa a kai kafin a sa laka. Ciyawar da ya saƙa ta da ita, har da kan furenta aka yanko ta, da irinta a jiki. Ita ce ta tsiro, shekara da shekaru tana yaɗuwa, ba wanda ya kula.

Na biya gidan matarsa Habi na gaya mata. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan yadda na san shi tun tana amarya.

"Alhaji Bulo," in ji ta, "yau kai ne ka zo mini da labarin ciyawa? Ai na ɗauka sai abin da ke shiga tifa kake gani."

"Habi, ki yi mini a hankali, na tsufa."

"Shi ya yi maka a hankali, ga inda ta kai mu. To mi kake jira? Ka san yadda ake tsaga tushe ko sai na taso da sandata in nuna maka?"

Na je wurin limamin ƙauyen, Malam Sule, na tambaye shi ko ya halatta in ɗiba. Ya ce kada in taɓa wadda ke kan kabari, amma wadda ta yaɗu gefe in tsaga in dasa, Allah ya ba da lada. Da ruwan farko ya sauka bana na fara. Gwiwa ba ta bari in daɗe a durƙushe, sai in dasa kaɗan in zauna in huta. Wasu daga cikin masu 'yan'uwa a maƙabartar suka zo da fartanya suka kama mini. Wani direban tifa da ke wucewa ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Baba, a wannan tsadar abinci ciyawa kake shukawa?" Na ce masa eh. Ya yi dariya ya wuce. Ban ji haushinsa ba, na san wannan dariyar, tawa ce.

Ban sani ba ko gambar za ta kama ƙasa kafin manyan ruwan Agusta. Wannan kwarin ya fi ƙarfin ciyawa kaɗai, yana bukatar dutse da siminti da hukumar da za ta ce ga inda za a ɗebi yashi, ga inda ba za a taɓa ba. Ina roƙon masu iko su duba, ba a rafinmu kaɗai ba.

Yaya bai bar gida na bulo ba, bai bar kadara ba. Ya bar zana ɗaya da kasuwa ta ƙi, ita ce kuma take riƙe da shi har yau. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Na kira 'ya'yana na bar musu wasiyya. Idan tawa ta zo, kada a binne ni a birni. A kai ni can, a haƙa mini tsakanin kabarinsa da bakin kwarin. Idan gambar ta riƙe, mun kwanta tare. Idan ba ta riƙe ba, ruwan ya fara isowa kaina.