Aikin ƙaba da dogon neman gafarata

Shekarun baya, lokacin shagon ɗinkina yana bakin titi a Anguwan Rogo, na sunkuya na ɗaga kan keken ɗinki zan sauya masa waje, sai na ji kamar wani abu ya tsinke mini a ƙasan mara. Bayan kwana biyu wani ƙullutu ya fito. In na tsaya ya leƙo, in na kwanta ya koma. Wata huɗu na yi ina lallaɓa shi da jiƙe-jiƙe, kafin matata ta gaji ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likita ya duba, ya sa na yi tari, ya ce ƙaba ce, kuma maganinta aiki. Ya buɗe wani babban littafi ya ba ni rana: Talata, nan da mako uku.

Daga nan ya miƙa ni ga wata nas, babbar mace 'yar Kabong, mai Hausa irin ta Jos wadda ba ruwanta da bambanta namiji da mace. Ta ce, "Oga, za ka yi gwajin jini da na fitsari. Ka kawo mutum ɗaya ya ba da jini a ajiye, ko da za a nema. Litinin da yamma ka zo da matanka, shi zai riƙe maka kaya." Sannan ta jawo takardar da zan sa wa hannu, ta karanta mini abubuwan da kan iya faruwa a wajen aiki: zubar jini, ciwo ya yi ruwa, da kuma, Allah ya kiyaye, abin da ba a fata. Ta ƙara da cewa aikin ƙarami ne, kullum yin sa suke yi. Wallahi duk bayanin nan, na ƙarshen kawai kunnena ya ɗauka. Na sa hannu na fito.

Kafin in iso gida na gama yanke wa kaina hukunci: tafiya ce ta zo, gara in wanke kaina da mutane. Kowa ya san yadda ake yi, ka ce a yafe maka abin da ka yi da sani da rashin sani, a ce an yafe, shi ke nan. Ni sai tsoro ya raya mini cewa wannan bai isa ba, dole in faɗa wa kowa ainihin abin da na yi masa.

Da abokina na fara. Direban keke napep ne, tare muka taso, kuma shi ne ya je ya ba da jinin da aka ce a ajiye, bai ko tsaya tambaya ba. Na zaunar da shi a bencin shago na ce, "Mutumina, ka tuna babbar rigar ɗaurin aurenka?"

Ya washe baki. "Mai aiki a gadon baya? Ai har gobe ba a yi irinta ba a unguwar nan."

Na ce, "To, ba ado ba ne. Ƙona ta na yi da dutsen guga, saura kwana biyu biki. Sai na rufe wurin da aikin zare, na ce maka sabon yayi ne daga Kano."

Wannan rigar fa ya sa ta Sallah biyar, yana juya wa mutane baya don su gani. Har mutum uku ya kawo mini suka ce irin tasa suke so, na yi musu. Can ya ce, "Su ma ƙona nasu ka yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni kaɗai ke nan na samu ta asali." Ya tashi ya hau kekensa ya tafi, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na nufi gida da ƙarfina. Na tarar da matata tana tsince shinkafa a tsakar gida, na jawo kujera na zauna, na yi gyaran murya.

"Gwaten accan nan da kike yi mini duk Juma'a," na ce, "ba na son sa. Ban taɓa son sa ba. Ranar farko na yaba ne don kina amarya, kada ki ji kunya."

Shekara bakwai ke nan lokacin da aurenmu. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan farantinta, ta ce, "To." Duk wanda ya yi aure ya san akwai "to" iri-iri. Wannan irin wanda ake ajiyewa ne sai ranar amfaninsa.

A cikin mako ukun nan ban bar kowa ba. Na gaya wa maƙwabcin shagona mai shayi cewa ni ne na ce wa mutane shayinsa ruwa ne zalla. Na kira ƙanena a waya na ce masa ni na fasa madubin Inna muna yara, shi aka daka. Da labari ya kai wa mahaifiyata, sai ta aiko a ce mini, aikin ƙaba za a yi mini ko hisabi aka kira ni?

Litinin da yamma muka je aka ba ni gado. Aka ce daga tsakar dare ba ci ba sha. Da gari ya waye, ana yayyafin nan na Agusta mai shiga ƙashi, aka yi mini aski a inda ban taɓa zaton baƙo zai yi mini ba, aka ba ni wata riga mai igiya a baya, gaba a rufe, baya kuwa sai addu'a. Duk da halin da nake ciki sai da na juya ta na duba ɗinkin. Wanda ya yi ta bai ko kalmashe bakin ba.

Nas ɗin nan ta zo ta ɗaura mini abin awon jini a dantse. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta koma ɗaya hannun. Sannan ta riƙe ƙugu ta ce, "Oga, me kana tunani haka? Jininka ya hau sama kamar dutsen Shere." Ta kira likitan da ke sa mutane barci, shi ma ya auna. Suka ba ni awa ɗaya in huta. Yaya mutum zai huta yana jin ƙarar tayar gadon da ake tura mutane ɗakin tiyata? Da suka dawo ya ma ƙara hawa. Likita ya rufe fayil ya ce ba zai taɓa ni a haka ba. Ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri, in dawo bayan mako biyu.

Sai a lokacin lissafin ya faɗo mini. Duk abin da na faɗa wa mutane, na faɗe shi ne a kan cewa ba zan daɗe ina haɗa ido da su ba. Ga shi yanzu za a mayar da ni cikinsu, da raina, da ƙabata.

Abokina ne ya zo ɗaukar mu. Da na hango shi a bakin ƙofar asibiti sai na ji kamar in koma gado: babbar rigar nan ya sa, ranar Talata, cikin ruwan sama, yana tuƙa keke. Tun daga asibiti har gida aikin zaren nan yana gaban idona. Abin da kawai ya ce shi ne, "Jinina fa, yana nan ko in je in karɓo abina?"

A gida kuma, ashe kafin mu fito matata ta tambayi nas wane abinci ya dace da mai hawan jini, nas ta ce ba kamar acca da ganye. Da azahar aka dire mini kwano. Gwate, ba gishiri, ba dunƙule. Matata ta zauna a gabana ta rafka tagumi ta ce, "Abban yara, umarnin asibiti ne, ba nawa ba." Washegari ma shi. Jibi ma shi. Abin da nake sha sau ɗaya a mako ya koma sau biyu a rana.

A rana ta biyar na ajiye cokali na ce ta yi wa Allah ta sassauta. Sai ta fashe da dariya, har da hawaye. Ta ce, "Kai ka san wahalar da ke cikin wanke acca? Sai na yi rairaya bakwai kafin yashin ya fita, bayana kamar zai ɓalle. Ni ma ba son sa nake ba. Don ka ce ya yi daɗi nake yi." Muka zauna muna kallon kwanon, mutum biyu da suka shekara bakwai suna azabtar da juna saboda kara.

Da yammacin ranar mahaifiyata ta zo duba ni. Ta sallami matata kicin, ta zauna a bakin gado ta ce, "Ba wuƙar likita kake tsoro ba. Babanka kake tunawa." Gaskiya ta faɗa. Ina ɗan shekara tara aka tafi da shi asibiti aka ce za a yi masa aiki, bai dawo ba, kuma tun daga nan ba wanda ya taɓa yi mini bayani. Ta ce, "To bari ka ji abin da ban gaya maka ba. Ba a yi masa aikin ba. Shi ma ƙaba ce, shekara guda ana ba shi rana yana guduwa, sai da abin ya shaƙe aka ɗauke shi ranga-ranga, kafin a shiga da shi rai ya yi halinsa. Kai da ka kai kanka da ƙafarka, ba hanyarku ɗaya ba." Ta gyara mayafinta ta ƙara da cewa, "Madubin kuma tun ranar na san kai ne. Ƙanenka wani laifin daban ya yi."

Ban san ko maganin ne ya yi aiki ko gwaten ko maganar Inna ba, amma da na koma bayan mako biyu, nas ta auna sau ɗaya ta ce, "Yauwa, yau ka zo da jinin mutane." Allura suka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idona biyu. Ina kwance ina kalmar shahada, su kuma likitocin suna can bayan labulen da suka kare ni da shi suna gardamar ƙwallo. Ban gama shirin mutuwa ba aka ce an gama. Jinin abokina ko taɓa shi ba a yi ba, kuma har yau in muka yi musu sai ya ce yana da ajiya a asibiti saboda ni.

In na tuna wannan lokaci yanzu, dariya nake yi, amma ba dariya kaɗai ba. Na gane cewa tsoron da mutum bai faɗa wa kowa ba shi ne yake girma ya fi ciwon da ya kawo shi. Na bi gari ina tona ƙananan laifuffuka, alhali abin da yake cin raina guda ɗaya ne, kuma wadda take da amsarsa tana nan layi biyu da gidana. Duk wanda aka ba ranar aiki, ina ba shi shawara ya tambayi likita duk abin da ke ransa, ya sha maganinsa, ya nemi gafarar mutane a dunƙule kamar yadda kowa ke yi.

Gaskiya akwai mutum ɗaya da ban kai kanta ba a wancan zagayen, surukata. Abin da ke tsakanina da ita kam, sai dai in aikin zuciya aka ce za a yi mini.