Harafin da Ya Aurar da Sajan Ishaya

Ko na bar aikin nan, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa shan sandar tsohon soja saboda harafi ɗaya ba. Ku sababbin shiga da kuke tsaki in na ce ku sake gwaji, ku buɗe kunne.

Lokacin ina shekara ta biyu a shagon gyaran kwamfuta a nan Zuru. Wasu dattawa, yawancinsu sojojin sigina masu ritaya da tsofaffin malamai, suka kafa ƙungiya ta sha'awa kawai. Sun gaji da hayaniyar waya, allon saƙo suke so irin na da. Ga yadda abin yake: kwamfuta ɗaya a Zuru, ɗaya a Ribah, ɗaya a Dirin Daji, kowace da lambarta. Mutum ya zo ya rubuta abin da ke ransa ya tafi. Da azahar, in sabis ya yi kirki, manhajar wasiƙu ta tattara saƙonnin cikin ƙunshi guda ta miƙa wa sauran garuruwan, ta karɓo nasu. Kowa yana karanta na kowa. Ogana ya ce ni zan saita manhajar, in na kunyata shi in nemi wani shagon.

Kwana uku na yi a kanta. Tsohuwa ce, ba ta san Hausa ba. A wani wuri ta tambaye ni abin da za ta yi da harafin da ba ta gane ba in za ta aika ƙunshi, ni kuma don in huta na ce ta share shi. Na gwada da "Gwaji, gwaji, kuna ji?" Ya isa lafiya lau. Ban lura babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki ba. Kaina ya kumbura, ina tafiya kamar ni na ƙera jirgi.

Ranar buɗewa aka ba shugaban ƙungiya, Sajan Ishaya, saƙon farko. Dattijon coci ne mai tsare gida, matarsa ta daɗe da rasuwa. Gonarsa tana iyaka da ta Malama Saratu, tsohuwar malama wadda ita ma mijinta ya rasu, kuma a makon nan ta je Ribah wurin ƙanwarta. Maimakon jawabi, sai Sajan ya fara da abin da ke cin ransa:

"Akuyar Saratu ta sake cinye mini dawa. Na yi magana da Saratu, ta ce in yi yadda na ga dama. Gobe da safe zan ɗaure ta a gaban kowa."

A allonmu ya fito daidai. Ƙunshi ya tafi, muka tafa, ni har da tsalle. Saboda buɗewa na sake haɗa layi da la'asar. Da amsoshi suka dawo, na hau kujera ina karanta wa jama'a da murya. Wani Kofur daga Dirin Daji ya rubuta: "Barka, Oga! Wanga abu ya yi. Amma golmo da furfura, wa zai ara maka baya?" Kun san golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Na leƙa kwafin da ya isa can, wanda ya dawo a ƙasan amsarsa. Manhaja ta haɗiye ɗ. Garuruwa biyu sun karanta cewa Sajan ya ce, "Gobe da safe zan aure ta a gaban kowa."

Ɗaki ya kece da dariya, wani har yana dukan benci. Ni ma tana cina, ga tsoro. Sajan ya miƙe da sandarsa.

"Kai, ɗana, ka zubar mini da mutunci. Baiwar Allah nan da wane ido za ta dube ni?"

"Baba, laifina ne, yanzu zan aika gyara."

"Gyara? Magana zarar bunu ce!"

Na juya ga allo, sai na ga saura saƙo ɗaya daga Ribah, da sunan Malama Saratu. Na karanta: "Ishaya, akuyar ko ni? In ni ce, ka zo da kanka, ba a aiko na'ura."

Wallahi ban taɓa ganin soja ya nemi wurin zama da sauri haka ba. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ashe shekara da shekaru akuyar nan ce hujjarsa ta zuwa ƙofar gidanta. Can ya dube ni.

"Ka gyara abin naka?"

"Yanzu zan gyara, Baba."

"Gyara. Amma wancan saƙon kada ka taɓa shi. Wa ke da mashin zuwa Ribah?"

Bayan girbi aka yi biki. Akuyar ce ta sha wuƙa, ni aka ba cinya, Ogana kuma ya bi gari yana cewa shi ya koya mini aiki.

Tun daga ranar ba na miƙa manhaja sai na gwada ta da ɗaure, ƙaura da ɓata, kuma sai na ga abin da ya isa can, ba abin da ke gabana ba. Mutanenmu ba sa zargin na'ura, abin da allo ya nuna shi ne bakin mai magana. Ni na ci sa'a na ci cinya. Ku kada ku dogara da sa'ata, don ba kullum ake samun Malama Saratu a ɗaya gefen ba.