Sunan Malam Isiyaku a Takardar Ɗahiru

Duk wanda ya zauna a Agege ya san Malam Ɗahiru mai fatu, ko da ta wari ne. Da safe yana mayanka yana barbaɗa wa fatun shanu gishiri, bayan la'asar kuma ya wanke hannu har gwiwa, ya shimfiɗa buzu a barandar masallacin layinsu, ya buɗe littafin hadisi. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya tilo tana aure a Idi-Araba, sai sallah zuwa sallah yake ganinta.

Littafin nan ba a kasuwa ya tsince shi ba. A Zariya ya karance shi baki da baki a gaban Malam Isiyaku, shekara huɗu cur. Ranar sauka malamin ya rubuta masa ijaza, takardar izinin karantarwa: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a dangana da mai littafin. Burin Ɗahiru bai wuce ɗaya ba, kafin ya mutu ya rubuta sunan wani a ƙarƙashin nasa.

To ga inda gizo ke saƙa. Bayan Ɗahiru ya gangaro Ikko, Malam Isiyaku ya koma Shi'a. Da Ɗahiru ya kai masa ziyara, tsohon ya tarbe shi da fura mai sanyi, sannan ya ce, "Ɗahiru, na daina karantar da littafin nan. Hadisin da bai biyo ta Iyalan Gidan Manzo ba, ba na jingina da shi yanzu." Ɗahiru ya kamo hanyar Ikko, kwana guda a mota.

Labari kuwa ya fi mota gudu. Ɗalibai suka riƙa zarewa ɗai-ɗai, wannan ya ce cunkoson hanya, wancan ya ce kasuwa. Ƙarya suke, kowa ya san dalili. Aka bar shi da Shafi'i, mai albasa a kasuwar Mile 12, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya yi shekara shida yana zuwa.

Ana gobe saukar Shafi'i, Alhaji Sunusi dillalin shanu, mai riƙe da makullin masallacin, ya ja Ɗahiru gefe.

"Malam, abin nan mai sauƙi ne. Ka tsallake sunan mutumin nan, ka haɗa kanka da malaminsa. Wa zai sani?"

"Alhaji, malaminsa ya rasu ina goye a bayan uwata. Ta ina na ji daga bakinsa?"

"Ai ka san jama'a ba za su karɓi hadisi ta hannun ɗan Shi'a ba."

"Sanda ya ba ni, sahu ɗaya yake da ku. Ko ba haka ba, daga bakinsa na ji. In yi ƙarya a sarƙar hadisi don a karɓi hadisi?"

Kan Ɗahiru ya fi fatar da ta wuni a rana tauri. Washegari ya miƙe ya karanta ijazar da ƙarfi, sunan Malam Isiyaku a gurbinsa. Wasu suka tashi neman takalmansu. Shafi'i ya sa hannu biyu ya karɓi takardar, kansa a ƙasa. Daga ranar, Ɗahiru shi kaɗai yake zama a barandar, yana karatu a hankali. Kaɗaici ya ishe shi, amma yana cewa a ransa ai ya sauke amana.

Bayan wata bakwai ya ji Shafi'i ya fara karantarwa a wani masallacin 'yan kasuwa. Murna ta kama shi. Ya sa babbar rigarsa, ya shafa turare, ya shiga motar haya ta danfo har biyu, ya zauna can baya. Wallahi karatun ya yi kyau. Inda Ɗahiru ke tsayawa ya ja numfashi, nan Shafi'i ke tsayawa.

Da aka idar, wani dattijo mai tumatir ya tambaya, "Malam, a wurin wa ka ɗauki littafin nan?"

Shafi'i ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa a na Ɗahiru, ya yi sauri ya kawar.

"A wurin malamai daban-daban, nan da can. Allah ya saka musu."

Ɗahiru ya ce amin tare da jama'a. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka watse, ko zai zo su gaisa. Shafi'i ya fita ta ɗaya ƙofar.