Ɗankwalin Mama Rifkatu

"Ba haka ake ɗaura shi ba, Maman Sadiya, kin mai da ni amarya."

Muryar Mama Rifkatu na jiyo da safiyar Lahadi, ina saukowa daga gidanmu a Mpape. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta fita, ɗanta kuma kullum yana wurin fasa dutse.

Na leƙa. Maman Sadiya, ɗaya daga cikin matan Islamiyyar layinmu, ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, tana ta fama da ɗankwalin zumuntar matan coci.

Na ce, "Mama, ina zuwa da wannan kwalliya?"

Ta ce, "Ba inda za ni, 'yata. Matan cocinmu ke kula da ni, amma ran Lahadi suna coci, haka nake yini ba mai juya ni. Shi ne matan Islamiyya suka ce Lahadi tasu ce. In an tashi coci za a zo a yi mini waƙa, dole su same ni tsaf."

Maman Sadiya ta kwance ɗankwalin ta sake ɗaurawa, ta ce yau sai ta iya.

Ni dai na karɓi Lahadi mai zuwa. A layinku, wa ke leƙa tsohon da ba ya iya fitowa?